Kaushi Ne, Ki Shafa Mai

Mijin yayata ba mai magana ba ne. In ka kai masa rediyo gyara, sai ya kara ta a kunne, ya girgiza, ya ce, "Gobe." An gama hira ke nan. Dalma ake ce masa a layinmu, saboda yatsunsa ba sa rabuwa da ƙunar dalmar da yake narkawa yana liƙa wayoyi, kuma sunan ya bi shi har yaran layin ba su san yana da wani ba. Ni kuwa tela ce, shagona yana kallon nasa, bakina kuma tun da aka haife ni bai taɓa zuwa hutu ba. Yaya takan ce da aka zo rabon magana tsakanina da mijinta, ni na kwashe tara da rabi, na bar masa rabi ya riƙa cewa gobe da shi.

Yaya guga take yi wa mutane. A tsaye take wuni a ɗakin bayan shagonsa, ba takalmi, tana tura dutsen guga tana bin waƙar da ke fitowa daga rediyoyin da mijinta ke gwadawa. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta saya mini keken ɗinkina na farko, ita kaɗai ce kuma take iya ce mini in yi shiru in yi.

Wata rana tana yanke farce na hango wani baƙin tabo a dugaduginta na hagu. Bai fi ƙwayar wake ba, amma gefensa ba daidai yake ba, kamar tawada ta ɗiga a kan yadi ta ɗan yaɗu. Ta ce ba ya ciwo. Na dame ta mako uku kafin ta yarda na raka ta asibitin unguwa.

Ba zan manta ɗakin nan ba. Tebur, fanka mai ƙara, kalandar bara a bango, da likita yana rubutu bai ko ɗago ba. Yaya ta cire takalmi ta ɗora ƙafar a kan ƙaramar kujera. Bai tashi ba. Ya miƙo hannu daga inda yake, ya juya bironsa, ya dunguri tabon da gindin biron sau biyu.

"Kaushi ne," ya ce. "Ki shafa mai."

Na ce, "Likita, kaushi ai fari yake yi, ya tsattsage. Wannan baƙi ne, kuma girma yake ƙarawa."

Sai a lokacin ya dube ni. "Ke ce likitan ko ni? Ciwon da kike tsoro na fararen fata ne, masu shanya jikinsu a rana. Mu baƙar fata ba ya kama mu. A turo na gaba."

Yaya ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, kafaɗunta suka saki, ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta mayar da takalminta, ta mintsine ni a hannu don na yi wa babba rashin kunya. A hanya ta sayi kwalbar man shafawa mai shuɗin murfi. Tana dariya ta dawo gida.

Bayan wata goma sha huɗu kaluluwa ta fito mata a matsematsi, ta ƙi faɗawa. A babban asibiti suka yanki tsokar tabon suka gwada, suka ce sankarar fata ce, kuma ta riga ta yi tafiya cikin jiki. Wata likita ta ce mana irin wannan a jikinmu tafin ƙafa take laɓewa, ko ƙarƙashin farce. Ta ce, "Da bara kuka zo, da ɗan yanki kawai za a cire." Na ce mata bara mun zo, gindin biro muka samu. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Bayan wata biyar muka rasa Yaya.

Tun daga ranar na sa wa likitan nan suna Biro. Na je har asibitinsa na tsaya a baranda na faɗi duk abin da ke bakina, sai da mai gadi ya fitar da ni. Bai ma leƙo ba. Na dawo na tarar da Dalma zaune a ɗakin guga, kwalbar man nan a hannunsa. Ya rufe ta da kyau, ya sa a ƙasan akwatin kayan aikinsa, ƙarƙashin filaya da sukudireba.

Na ce, "Iyakar abin da za ka yi ke nan? Rama cuta ga macuci ibada ne, Dalma. Ka tashi mu je."

Ya ce, "Gobe."

Wallahi da ba don darajar Yaya ba, da na jefe shi da dutsen guga. Na ɗauka mutumin nan ba shi da zuciya. Ashe irin garwashin nan ne da toka ta lulluɓe.

Shekara biyu bayan haka wata farfesa daga jami'a ta kawo masa wata na'urar awo da ta gagari masu gyara uku. Ya kara ta a kunne kamar yadda ya saba, washegari ta dawo ta same ta tana aiki. Tana tsaye tana kallon yadda yake liƙa waya mai kaurin gashi ba tare da hannunsa ya yi rawa ba, ta ce tana neman irin hannun nan a ɗakin bincikenta. Ya tambaye ta me suke yi. Ta ce eriya suke ƙerawa, 'yar mitsitsiya, girman farcen babban yatsa. In an ɗora ta a fata sai ta aika igiyar rediyo mai rauni ciki, ta saurari abin da ya dawo. Naman da sankara ta kama ya fi lafiyayye riƙe ruwa, saboda haka amsarsa daban take. Ba eriyar ke yanke hukunci ba, in ji ta, ita dai tsegumi take yi wa likita, ta ce masa ya duba nan tun da wuri.

A makon ya rufe shagonsa. Mutumin da ya yi shekara ashirin bai matsa daga kan bencinsa ba.

Ɗakin binciken na je shi sau da yawa, don ni na ɗinka musu jakunkunan saka na'urar. Dogayen tebura, fitilu masu wuya, ɗalibai da kwamfutoci, da wasu kofuna cike da wani abu mai kama da daskararren kamu, wai naman ƙarya ne da suke haɗawa da mai da gishiri da ruwa don gwaji. Dalma yana can ƙurya da gilashin ƙara girma a ido, yana yanka zanen tagulla a kan ɗan allo. Ɗalibai su zana a kwamfuta, shi ya fitar da hannu. Da farko "Baba mai gyara" suke ce masa, suna aikensa kamar masinja.

Ranar da na'urar ta fara aiki yadda suke so, aka yi ta murna. Sun gwada a dantse, sun gwada a kunci, sun gwada a gadon baya, domin duk hotunan da ke littattafansu kafaɗu ne da bayan fararen fata. Farfesa da kanta ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Dalma ya cire takalminsa, ya ɗaga ƙafa ya dire ta a kan tebur a tsakiyar kwamfutoci, ya ce, "A gwada nan."

Suka yi dariya, suka ɗora masa a dugadugi. Allon bai nuna komai ba sai hargitsi. Eriyar ta kurmance, busasshiyar fatar tafin ƙafa ta yi mata kauri.

"Ba ta ji ta cikin kaushi," ya ce. "To ba a yi komai ba tukuna."

Wani ɗalibi ya ce ai a littafi ba nan ciwon ya fi fitowa ba. Dalma ya ce masa, "Matata ba ta karanta littafin ba." Farfesa ta ce tun da ta san shi ba ta taɓa jin ya haɗa kalmomi da yawa haka ba, kuma ba wanda ya sake dariya.

Shekara shida ya yi a kan wannan matsala ɗaya. Ɗalibai su zo su gama su tafi, shi yana nan. A sake zane, ya yanka, a gwada, a jefar. Waɗanda suka ƙi aiki a gwangwanin madara yake tara su, sai da ya cika uku. Ranar Asabar yakan zo shagona da ɗan awonsa, ya roƙi masu kawo ɗinki su bar shi ya auna kaurin dugadugansu. Matan layinmu kuwa me za su yi in ba tsiya ba. Mai kitso ta ce, "Dalma, in aure kake so ka fito fili, ka daina bin ƙafafun mutane." Ya rubuta lambarsa a takarda, ya ce mata, "Ɗaga ɗayar."

Wata Asabar bayan sun watse na tambaye shi wai duk wannan wahalar ta mece ce, Yaya dai ba za ta dawo ba.

Ya ce, "Biro. So nake in dire masa na'urar a tebur, ya ga abin da ya ƙi gani."

Na ce, "Wannan ai darasi ne, ba ramuwa ba. Ni so nake in ga ya zauna a ƙasa yana kuka, kamar yadda Yaya ta yi ranar da ta farka ta laluba ba ƙafa."

Duk shekara ina bin labarin Biro kamar yadda ake bin farashin yadi. An ƙara masa girma, ya aurar da 'ya, ya yi ritaya, ya yi tumbi.

Shekara goma sha ɗaya da rasuwar Yaya aka sa ranar gwada na'urar a jikin jama'a, a zauren wata cibiyar lafiya. Na rufe shago na kwashi matan layinmu takwas muka tafi da safe. Kujerun roba a jere, labule a gefe, masu ɗaukar hoto. Aka ce babban baƙo zai yi jawabi, wani tsohon likita mai daraja. Ina ɗaga kai sai ga Biro, da furfura da tabarau.

Jama'a, mutumin nan ya tsaya ya yi minti ashirin yana wa'azi a kan muhimmancin gano cuta da wuri. Ya ce kada kowa ya raina tabo a jikinsa. Ya ce har tafin ƙafa a riƙa dubawa. Aka tafa masa. Mai kitso ta riƙe mini hannu don ta ga ina neman miƙewa.

Sai aka ce babban baƙo ya fara gwadawa don a ɗauki hoto. Ya zo teburin da Dalma yake zaune a gaban allo, ya naɗe hannun riga, nas ta ɗora masa eriyar a dantse. Layin ya tafi sumul, aka sake tafawa. Masu hoto suka ja Farfesa gefe suna yi mata tambayoyi, nas ta tafi ɗauko auduga. Ni na zagaya na tsaya a bayan Dalma, sai na ga ba fuskar Biro yake kallo ba, ƙafarsa yake kallo. Wanda ya yi shekaru yana bin dugadugan mutane ya san tafiya. Biro ba ya taka dugaduginsa na dama, a kan yatsu yake ɗosana ƙafar.

Na sunkuya na raɗa masa a kunne. "Ka yi shiru. Alhaki kwikwiyo ne, ya gane mai shi. Ka bar shi ya tafi."

Dalma ya ce, "Likita, a cire takalmi."

Biro ya yi 'yar dariya, ya waiga ko akwai mai kallo. Ya ce wani ɗan abu ne kawai, ya daɗe yana cewa zai nuna wa abokan aikinsa. Amma yanzun nan ya gama wa'azi, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Ya zauna ya cire takalmi da safa, ya ɗora ƙafar a kan ƙaramar kujera.

Ga shi nan. Baƙi, gefensa a karkace, bai kai na Yaya girma ba.

Dalma ya ɗora eriyarsa a kai. Mu biyu kaɗai muke ganin allon. Layin da ya tafi sumul ɗazu ya lotsa ƙasa ya yi rami, irin ramin da Dalma ya sha zana mini a bayan takardar awo. Biro yana ta kallon fuskarsa. Muryar da ta cika zaure ɗazu ta koma ƙarama.

"Malam, me ta nuna?"

Dalma ya ajiye eriyar. Ya zaro biro daga aljihun gabansa, ya juya shi, ya dunguri tabon da gindinsa sau biyu.

"Kaushi ne," ya ce. "Ka shafa mai."

Ba zan ɓoye ba, wani daɗi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa. Shekara goma sha ɗaya ina jiran wannan. Na ƙura wa Biro ido ina jiran ya gane maganarsa, ya tuna ɗakin, ya tuna matar, fuskarsa ta zube.

Bai gane ba. Ko kaɗan. Sai ya sauke doguwar ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka saki, ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya miƙa hannu zai ɗauki safarsa.

Haka Yaya ta yi. Har yadda kafaɗun suka sauka, har murmushin. Ni a raina cewa nake ya sa safar, ya sa takalmin, ya tsaya a hanya ya sayi mai. Amma kafin safar ta kai yatsu, Dalma ya damƙe idon sawunsa da hannu biyu, hannun nan mai ƙunar dalma, ya riƙe gam.

"Ba kaushi ba ne," ya ce. Ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ba. "Farfesa, zo ki gani."

Ya juya allon. Aka ja labule, aka kira likitar cibiyar, aka rubuta takardar gaggawa. Bayan mako biyu sakamakon tsoka ya fito, sankara ce, amma ba ta yi nisa ba. Ɗan yanki kawai aka cire.

Wata biyu ban yi wa Dalma magana ba. Da na buɗe baki kuwa na ce masa, "Shekara goma sha ɗaya kana wasa wuƙa, ka ƙare da yi masa aski." Ya ce shi ma ya so ya bar shi, Allah ya sani ya so. Hannunsa ne ya ƙi.

Wata Asabar da la'asar muna zaune a ƙofar shagona sai ga mota ta tsaya. Biro ya fito da sandar dogarawa, ƙafa a naɗe, 'yarsa tana riƙe da shi. Ya yi godiya har ya gaji. Ya ce Dalma ya ceci ransa, ya faɗi duk abin da yake so. Sannan ya yi dariya ya ce, "Amma ka iya tsokana. Me ya sa ka fara ce mini kaushi ne?"

Dalma ya shiga ciki ya fito da akwatin kayan aikinsa, wanda ba ya rabuwa da shi. Ya kwashe filaya da sukudireba ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauko kwalbar mai shuɗin murfi, ya sa masa a tafin hannu. Ni na yi bayanin, don nan ne fannina. Na faɗa masa shekarar, da ɗakin, da fankar, da gindin biro, da abin da ya ce game da baƙar fata. Na faɗa masa inda aka yanke ƙafar. Ban rage komai ba.

Biro ya jujjuya kwalbar a hannunsa. Ya ce, "Na ga dubban mutane a ɗakin nan. Wallahi ban tuna ta ba."

Dalma ya ce, "Buɗe."

Ya buɗe. Man ya tsufa ya yi rawaya, amma sawun yatsun Yaya biyu yana nan a ciki, inda ta lakata na ƙarshe.

"Kullum sau biyu take shafawa, yadda ka ce," in ji Dalma. "Saura rabi. Ba ta samu ta ƙarasa ba."

Biro ya rufe kwalbar ya miƙo masa. Dalma ya mayar da hannuwansa baya. Ya miƙo mini, na harɗe nawa a ƙirji. Sai 'yarsa ta saki hannunsa ta dube shi.

"Baba, ka taɓa ƙafar kuwa? Da hannunka?"

Ya juya zuwa mota, sanda a hannu ɗaya, kwalba a ɗayan, ba shi da hannun buɗe ƙofa, ita kuma ta tsaya ba ta buɗe masa da wuri ba. Na bi ƙafafunsa da ido, biyu cif. Ban yafe masa ba, kuma kada wanda ya zo mini da wa'azi.

Da motar ta sha kwana, Dalma ya durƙusa yana mayar da kayan aikinsa cikin akwati. Ya jera komai, ya sake jerawa, wurin kwalbar dai ya ƙi cika.

Na ce, "To, yanzu ka huce?"

Ya rufe akwatin.

"Gobe," ya ce.